Injin Da Bai Taɓa Yin Maiƙo Ba

Wata rana, wani ɗalibin digiri na uku mai suna Mamuda ya shiga zauren horo a jami'arsu yana cika yana batsewa.

Ba da son ransa ya zo ba. Doka aka kafa: duk wanda zai kare kundinsa a bana, sai ya zauna horon kwana biyar a kan dabarun bincike da ƙirƙira. Shi kuwa saura mako bakwai ya tsaya gaban malaman da za su yanke hukunci a kan aikinsa na shekara uku.

A ganinsa, me kuma za a koya masa? Mutumin da ya riga ya ƙera inji da hannunsa?

Ya nemi kujerar can baya, kusa da soket, ya buɗe kwamfuta, ya ci gaba da gyaran babi na biyar.

Kun san irinsu ai. Gangar jiki a aji, hankali a wani gari.

Mai ba da horon wata 'yar guntuwar mace ce, Dakta Asabe. Tabarau a rataye a wuya, murya ba ta da ƙarfi, amma in ta yi magana har na baya sai ya ɗago kai.

Ko majigi ba ta kunna ba. Ta ce:

"Kowa zai tashi ya gaya mana abin da yake bincike a kai. Minti biyu. Da Hausa. Kamar kana yi wa mai kayan miya bayani a bakin kasuwa."

Nan fa aka sha kallo.

Wani ya tashi, kalma uku ya yi, Turanci ya ƙwace masa. Ya dawo, ya sake ƙwacewa. Wata baiwar Allah mai bincike a kan ruwan rijiya ta yi ta juya hannu a iska, daga ƙarshe ta ce, "Wasu 'yan abubuwa ne dai marasa mutunci a cikin ruwa," ta nemi wuri ta zauna.

Mutanen da suka rubuta shafi ɗari biyu-biyu, ga su sun kasa minti biyu.

Da layi ya zo kan Mamuda, sai ya gyara hula. Shi nasa mai sauƙi ne.

"Na ƙera injin matsar man gyaɗa ne saboda mata masu yin ƙuli-ƙuli," in ji shi. "Ba ya son wuta, ba ya son fetur. Ki zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki murɗa hannu, mai ya zubo. Abin da mace ke fitarwa a turmi tana haki, injina ya fi shi nesa ba kusa ba. Tas yake tatse man. Na raba guda goma sha biyu a gidaje goma sha biyu a Rafin Kanya, wata takwas ke nan. Na tambayi mata ɗari uku. Kashi casa'in da bakwai cikin ɗari sun ce yana da kyau."

Aka tafa masa. Gaskiya ya iya bayani, ba za mu rage shi da wannan ba.

Dakta Asabe ma ta tafa. Sannan ta ce, "Madalla, Malam Mamuda. Kana da hotonsu?"

Yana da shi mana. Hotunan makon jiya ma. Ya miƙa mata waya yana murmushi.

Ta ɗora tabarau a hanci. Ta duba na farko. Ta duba na biyu. Ta ja hoton da yatsu ya ƙara girma. Injuna ga su nan shuɗaye, fenti sai ƙyalli yake, kamar jiya aka sauke su daga mota.

"Tsaf-tsaf da su," ta ce.

"Ai na rubuta hakan ma a babi na biyar, Dakta. Matan suna kula da tsaftarsu ƙwarai."

Ta cire tabarau, ta dube shi.

"Malam Mamuda, injin matsar mai ne. Wata takwas. Ina maiƙo?"



Sai wani daga tsakiya ya kasa riƙe dariyarsa, sauran suka bi.

Mamuda bai ji dariyar ba. Hoton yake kallo. Ko ludayin miya, in ya yi mako yana aiki, ana gani a jikinsa. Ga inji goma sha biyu, babu wanda ƙura ta manne wa mai, babu inda fenti ya goge a wurin riƙewa.

Ba a amfani da su.

Abin da wannan 'yar matar ta gani cikin minti ɗaya, malamin da za a gayyato daga wata jami'a don ya jarraba shi zai gani cikin rabin minti. In ya gani kuwa, babi na biyar ya rushe. In babi na biyar ya rushe, shekara uku sun bi ruwa.

Ya rufe kwamfutar. Tun daga lokacin bai sake buɗe ta a zauren nan ba.

Da aka tashi shan iska, ya bi ta har bakin ƙofa.

"Dakta, wallahi ban ƙirƙiri ko lamba ɗaya ba. Da bakinsu suka faɗa."

"Na yarda," in ji ta. "Yaya ka yi ka tambaye su?"

Ya ba ta labari. Ya fara zuwa wurin mai gari, kamar yadda ya kamata. Mai gari ya sa aka tara mata a makarantar firamare. Shi kuma ya zo cikin farar shadda, da takardun tambayoyi, da sabulu ɗaiɗai na ihsani. Tun kafin ya zauna ake kiransa Dakta. Ya nuna injin, ya ce kyauta ne. Sannan ya tambayi kowacce, "Injin nan yana da kyau?"

Dakta Asabe ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba.

"To kai, a ce baƙo ya zo gidanku ta hannun mai gari, ya kawo maka kyauta, ya ce tana da kyau? Me za ka ce?"

Mamuda ma ɗan ƙasar ne. Ya san amsar tun yana goye.

Washegari Talata ta ba su aikin da za su yi ranar Laraba, kuma aikin ya ba kowa mamaki.

Babu zuwa aji. Kowa ya tafi wurin mutanen da yake cewa dominsu yake bincike. Kada a sanar da su za a zo. Ba takarda, ba biro, ba farar shadda. A zauna da mai yin aikin tun daga farko har ƙarshe, a sa hannu a yi tare da shi.

"Kuma ku nemi wanda ba ya jin kunyarku," ta ƙara da cewa. "Kowa yana da mutum ɗaya irin wannan. Yawanci shi kuke gudu."

Wanda ba ya jin kunyarsa.

Mamuda bai ɓata lokaci wajen tunani ba. A duk faɗin duniya mutum ɗaya ce: kakarsa, Iya Tabawa.

Matar da ta haifi babansa. A Rafin Kanya take. Ta fi shekara hamsin tana ƙuli, har daga ƙauyukan kewaye ake zuwa sari a ƙofar gidanta. Kuma kamar kowace kaka da jikanta namiji, tsakaninsu sai tsiya da wasa. Ita ce ke kiransa maigida, ta kuma ce a cikin mazajenta kaf shi ne rago.

Yanzu ku tambaye ni, a cikin mata ɗari ukun nan, ya tambaye ta?

Bai tambaye ta ba.

Dalili? A saman takardar tambayoyinsa ya rubuta cewa mata 'yan shekara goma sha takwas zuwa sittin kawai za a tambaya. Iya ta haura saba'in. Ga shi kuma 'yar'uwarsa ce ta jini, littafi ya ce amsar dangi ba abin dogaro ba ce, za su fifita ka.

Iya Tabawa. Ta fifita shi. Allah Sarki, ilimi.

Ranar Laraba da sassafe ya hau mota, da tsohuwar riga da silifa. Hantsi bai gama ɗagawa ba ya yi sallama a gidan.

Ɗaya daga cikin injunan nan goma sha biyu a gidan yake, da sunan Larai matar baffansa. Duk zuwan da yake yi a baya, sai ya yi waya tukuna, ya tarar da injin a tsakar gida an goge shi fes.

Yau bai yi waya ba.

Ya tarar da shi a bayan rumbu. An shanya zanin goyo a kan hannun murɗawar. A cikin farantin da mai ya kamata ya taru kuwa, wata jar kaza ce ke kwanci a kan ƙwai, tana harararsa.

Larai ta fito daga ɗaki, ta gan shi, ta ga inda yake kallo. Ta ce, "Lah, Malam! Sannu da zuwa," ta juya ta koma ciki da sauri, ba ta sake leƙowa ba sai can.

Iya Tabawa tana zaune a gindin bishiyar dalbejiya tana tsince gyaɗa a faifai. Ko gezau.

"Maigida, yau ba sanarwa? Da ka faɗa ai da mun tashi matar gidan daga kan ƙwanta, mun goge maka kayanka."

"Iya, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina farar rigar? Ko an kore ka daga bokon ne?"

"Aiki na zo ki koya mini."

Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai? Da waɗannan hannuwan kamar na jariri? To, bismillah. Ga kasko can."

Ranar Mamuda ya san cewa ƙuli ba a takarda ake yinsa ba.

Ya soya gyaɗa a kasko da yashi, hayaƙi ya cika masa ido, ya ƙona kashin farko. Iya ta ce ba komai, dama tana neman abin da za ta ba awaki. Ya murje jan ɓawo har tafin hannunsa ya yi zafi. Ya ɗauki faifai zai bakace, rabin gyaɗar ta watse a ƙasa, kaji suka yi biki. Ya ɗauki roba a ka, ya kai niƙa da kansa, matan layin suna leƙe ta katanga suna ƙus-ƙus.

Da ya dawo, Iya ta raba niƙaƙƙiyar gyaɗar biyu. Rabi ta juye a turmi. Tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, shi yana juyawa da taɓarya. Tun yana yi da ƙarfinsa har kafaɗunsa suka fara kuka.

Can sai ga mai ya fara tasowa, ja-ja, yana ƙamshi. Iya tana kwashewa da ludayi. Ta kwasa, ya juya, ta kwasa.

Sai ta gutsuri ɗan tunkuza, wato dunƙulen gyaɗar da ke saura bayan an cire mai. Ta mulmula shi a yatsu, ta danna da babban yatsa, ta duba.

"Ya isa haka."

"Iya, ai da sauran mai a ciki!" Mamuda ya manta da gajiya, malamin da ke cikinsa ya motsa. "Dubi yadda yake naso. Wannan asara ce. Da injina ne, tas zai fitar da shi."

"To ɗauko shi mana."

Aka lallaɓa kaza aka mayar da ita cikin kwando da ƙwanta, tana ta masifa. Mamuda ya wanke injin, ya zuba ɗaya rabin, ya kama murɗawa. Ya murɗa, ya murɗa, har hannun ya ƙi gaba.

Mai kam ya zubo. Ya fi na turmi, kowa ya gani. Ya dubi Iya, baki har kunne.

Iya ta buɗe injin, ta ɓalle tunkuzar da ta fito, ta ɗora masa a hannu.

"Murza mini ƙuli."

Ya dunƙula. Ta warware. Ya sake matsawa da hannu biyu, ta ruguje ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar tsakin masara. Ya yayyafa ruwa, da ƙyar ya haɗa guda uku. Iya ta jefa su cikin tafasasshen mai. Biyu suka tarwatse nan take. Na ukun ya fito, ta miƙa masa, ya kai baki, haƙorinsa ya amsa.

Ta ɗauki tata tunkuzar ta turmi, ta murza a tafin hannu, ta lanƙwasa. Ƙuli ya fito sumul, ko tsaga babu.

"Ka gani?" ta ce. "Man da muke sayarwa, kuɗin gyaɗa kawai yake mayar mana. Ƙulin shi ne namu. Da shi ake cefane, da shi aka saya wa ubanka littafin makaranta. Ɗan man da ka ga na bari a ciki, shi ke riƙe ƙulin. Injinka yana ba mu mai, ya kashe mana ƙuli. Kowacce sau ɗaya ta gwada, ta yi asarar kwanon gyaɗa, ta kai shi bayan ɗaki."

Mamuda ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya.

Shekara uku. Shekara uku yana gyara ƙarfen nan don ya ƙara matsewa. Duk lokacin da ya samu ƙarin cokali ɗaya na mai, sai ya yi murna, ya zana jadawali. Ashe duk cokalin da ya ƙara, nesa yake ƙara yi da matan da yake cewa dominsu yake yi.

Idonsa ya ciko. Gaskiya abin da ciwo.

"Iya, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa ka tambaya?"

"Mata ɗari uku."

"Ka tambayi ɗari uku masu jin kunyarka. Ni ɗaya da ba na ji, ka ce na tsufa."



Iya ta bar shi ya ɗan jiƙa. Tsofaffi sun iya wannan. Ta gama kwashe ƙulinta, ta zuba masa guda biyar masu zafi a murfin kwano, ta tura gabansa.

"Ci, rago. Ba a kuka a kan gyaɗa. Ni ban ce abin naka banza ne ba."

Ya ɗago.

"Kafaɗar nan tawa," ta dafa ta, "shekara goma ke nan ba ta bar ni na yi barci a gefen dama ba. Taɓarya ce ta ci ta. Larai ma ta fara kuka da tata. Murɗawar farko da ka yi, na ga mai yana zuba ba tare da an yi haki ba, har raina ya biya. Abin naka yana da ƙarfi, hankali ne ba shi da shi. Bai san inda ake tsayawa ba. Irin mai shi."

Mamuda ya daina tauna.

"Iya, sake faɗa."

"Na ce irin mai shi."

"A'a, na kafin nan."

"Bai san inda ake tsayawa ba."

Ya miƙe zumbur. "To ke yaya kike sanin inda ake tsayawa?"

Ta nuna masa. A gutsuro kaɗan, a mulmula, a danna da babban yatsa. In shaidar yatsan ta zauna, gefen bai tsage ba, kuma akwai ɗan sheƙi, to ya yi. In ya tsage, an wuce. In yatsa ya nutse ya fito jage-jage, da saura.

Shekara hamsin tana wannan gwajin, bai taɓa shiga littafin kowa ba.

Aka sake soya wata gyaɗar. Aka sake kai niƙa. Wannan karon Mamuda na murɗawa a hankali yana ƙirgawa, yana buɗewa, Iya na gutsura tana dannawa.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara kaɗan."

A murɗawa ta goma sha tara ta ɗaga hannu. "Tsaya nan!"

Ta yagi bakin wani tsohon zani, ta ɗaure a jikin sandar ƙarfen da ke sauka tana matse gyaɗar, daidai inda ta tsaya. Ta kwashe tunkuzar, ta murza.

Ƙuli ya fito sumul.

Larai, wadda tun ɗazu take leƙe ta labule, ta rangaɗa guɗa ba ta sani ba.

Guɗar nan ce ta tara mata. Kafin la'asar tsakar gidan ya cika. Da suka ga Dakta zaune a ƙasa, riga duk mai, fuska duk toka, Iya na kiransa rago yana amsawa, sai kunya ta kama gabanta.

Jama'a, ashe bakunan nan cike suke.

"Hannun ya yi tsawo, Malam, sai mutum ya yi ɗage."

"Ƙafafunsa rawa suke yi, sai an sa dutse."

"Sabuwar gyaɗa ba ɗaya take da ta bara ba, ka sani ko? Ɗaurin nan na Iya na tsohuwa ne. Sabuwa sai an ɗaga shi sama."

"Farantin ma kaza kawai yake wa daidai."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Bai taɓa jin daɗin a kushe masa aiki irin na ranar ba. Da yake an hana shi biro, sai ya tsinci gawayi a murhu, ya yi ta rubutu a bayan wani kwali.

Ranar Alhamis bai je aji da safe ba, ya aika wa Dakta Asabe saƙon neman uzuri. Yana wurin mai walda a bakin tasha. Suka yi wani ɗan zoben ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin sandar, a matsar da shi sama ko ƙasa. In murɗawa ta kai kansa, inji ya tsaya cak. Suka yi masa zane biyu, ɗaya na sabuwar gyaɗa, ɗaya na tsohuwa. Suka rage tsawon hannun.

Zoben nan bai kai girman awarwaro ba.

Ranar Juma'a, ranar rufe horo, kowa zai faɗi abin da ya gano. Har malaman da ke duba ayyukan ɗaliban an gayyato, cikinsu da Farfesan Mamuda.

Aka kira sunansa. Sai ga shi ya shigo yana turo inji a baro. A bayansa wata tsohuwa da sabon mayafi, ta ɗauko kwanoni biyu, tana tafe tana ƙare wa zauren kallo kamar ta zo duba gidan da za ta saya.

Mamuda ya buɗe kwanon farko. Ɓarɓashi ne.

"Wannan shi ne aikina na shekara uku," in ji shi. "Ranar Litinin na gaya muku kashi casa'in da bakwai sun ce yana da kyau. Ba su yi ƙarya ba, kara suka yi mini. Ni ne ban iya tambaya ba."

Ya buɗe na biyu. Ƙamshi ya tashi.

"Wannan kuma aikin yini ɗaya ne, da na zauna a ƙasa na saurari kakata."

Aka zaga da kwanon. Ka ga manyan malamai da manyan riguna, zaure ya ɗauki ƙurus-ƙurus, ba mai ko kallon na kusa da shi.

Dakta Asabe ta taso. Ta shafa yatsa a jikin injin, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

Yana ƙyalli da maiƙo.

Tafin da aka yi, har ma'aikatan ofishin kusa sai da suka leƙo.

Farfesa ya gyara murya. Ya ce babi na biyar dai ya mutu, sai a yi masa addu'a. Mamuda yana da mako shida da 'yan kwanaki ya rubuta sabo, da sabbin alƙaluma na gaskiya. Sannan ya juya wurin Iya cikin girmamawa.

"Hajiya, mun gode ƙwarai. Yaya kika ga ɗalibin namu?"

"Ranka ya daɗe, yana da ƙoƙari," in ji Iya. "Jinkirin fahimta ne kawai. Ni na yi haƙuri da shi shekara talatin da biyar, ku ma ku ƙara."

Farfesa ya yi dariya har da share hawaye.

Makonnin da suka biyo baya, Mamuda a Rafin Kanya ya tare. Ya sa wa injunan nan zobe ɗaya bayan ɗaya. Bai sake tambayar kowa ko yana da kyau ba. Zuwa yake ba sanarwa, ya zauna, ya kalla, ya shafa ƙarfen ya duba yatsansa.

Goma a cikin goma sha biyu suka kama aiki. Ɗaya mai shi ta bar sana'ar tun tuni. Ɗaya kuwa, wata dattijuwa, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ni dai turmina ya fi mini, ka zo ka ɗauke abinka."

Ya ce a duk binciken, babu amsar da ta faranta masa rai kamar wannan. Ranar ya tabbata sun daina jin kunyarsa, don haka sauran amsoshin ma na gaske ne.

Ranar kare kundi ta zo. Baƙon malamin da aka gayyato, wanda aka ce ba ya dariya, ya yi ta juya shafuka. Ya tsaya a kan hotuna. Injuna baƙi-ƙirin da mai, fenti duk ya goge a wurin riƙewa.

Ya ce, "Wannan ma'aunin na inda inji zai tsaya, daga wane littafi ka samo shi? Ban taɓa cin karo da shi ba."

Mamuda ya ce, "Ranka ya daɗe, daga babban yatsan kakata. Na auna shi a ɗakin gwaji sau arba'in, bai saɓa ba. Yana shafi na ɗari da goma sha biyu. Sunansa Zoben Tabawa."

Malamin ya buɗe shafin. Ya karanta. Ya rufe kundin.

"Barka, Dakta."

A ranar ya kama hanyar Rafin Kanya. Ya tarar da Iya a gindin dalbejiya, tana murɗa injin da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana korar jar kazar nan da 'yan tsakinta.

Ya durƙusa ya buɗe mata shafin. Ba ta iya karatun boko ba, sai ya ɗora yatsanta a kan sunan.

"Nan, Iya. Ta-ba-wa."

Ta daɗe tana kallon haruffan. Yatsan ya bar ɗan tabon mai a kan farar takardar. Ya ga idonta ya kawo ruwa, ta yi maza ta goge da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

"To maigida," ta ce, "yanzu a takardar taka, tsofaffi sun shiga?"

"Sun shiga, Iya. Ke ce ta farko."

"Yauwa. Sai ka tashi ka kai mini niƙa, Dakta."

Ya ɗauki roba ya ɗora a ka.

Tabon man nan yana nan a shafi na ɗari da goma sha biyu. Ya ƙi yarda a sake buga shafin.

Darasi:

In kowa yana ce maka aikinka ya yi kyau, kada ka yi saurin murna. Mu mutane ne masu kara, ba ma iya kallon idon mai kyauta mu kushe. Ka je ka duba da idonka ko ana amfani da abin.

Ku masu bincike, digiri ba ya hana zama a ƙasa. Wanda ya shekara hamsin yana aikin da kake rubutu a kai, malaminka ne, ko da bai san harafi ɗaya ba.

Kuma kowa ya riƙe mutumin nan guda ɗaya da ba ya jin kunyar gaya masa gaskiya. Kada ka cire shi daga lissafi don ya tsufa ko don bakinsa da zafi.

In kana da ɗan'uwa ko ƙawa da ke fama da kundin digiri, tura musu wannan kafin su shiga babi na biyar. In kuma kana da taka Iya Tabawar a raye, ajiye wayar nan ka je ka gaishe ta, amma ka fara yaɗawa tukuna.